Bai Kauce Ba

"Wallahi babu inda za mu koma, Yaya Sharfu! Mun riga mun zo!"

Mardiya ce ta faɗa tana bubbuga ƙafa a ƙofar sinima, har mayafinta yana zamewa. Sharfuddeen ya sosa ƙeya.

"Haba Mardiyata... mu sha askirim mu koma gida mana. Ni duhun nan ne ba na so."

"Direban tirela guda yana tsoron duhu?" in ji Fauziyya, yayar Mardiya, wadda Mama ta haɗa su da ita rakiya. "Kai da kake keta hanyar Jebba kamar tsakar gidanku? Malam, wuce mu shiga!"

Ya yi dariya, amma dariyar ba ta kai ciki ba.

Ita dai Mardiya ba ta lura ba, ɗoki ya cika ta. Duk unguwarsu ta Sabo babu zancen da ake yi sai na fim ɗin nan, daga teburin mai shayi har gidan kitso. Wanda ya kalla a waya ma cewa ake bai ga komai ba, sai ka je an ba ka baƙin tabarau ka saka, abubuwa su riƙa fitowa daga allo suna nufo fuskarka. Ga shi jibi Sharfuddeen zai tafi garin Aliero ɗauko albasa tare da Babanta, Alhaji Hanzala, mai rumfa a kasuwar Shasha. Baba bai yarda kowa ya zaɓar masa albasa ba, shi ya sa duk tafiya yana gaban mota, kusa da direbansa. Son da yake wa direban nan ne ya sa ya ba shi Mardiya, aka sa biki bayan Babbar Sallah.

Suna shiga Sharfuddeen ya yi tuntuɓe da matakala, sai da ya dafa kujera.

"A'a! Tun ba a fara ba?" Fauziyya ta tsokane shi.

Mardiya ta zauna a hagunsa, ta gyara tabarau, ta rungume kwalin gugguru. Aka kashe fitilu.

Subhanallah! Allon ya haska. Wata duniya ce mai rana biyu, birane suna shawagi a sama kamar an rataye su da zare, ruwa yana zuba daga gefensu ba ya isa ƙasa. Ɗakin ya yi tsit, kafin wani daga baya ya ce da Turancin kan titi, "Omo! See film!" aka bushe da dariya.

Can wani ƙaton kumbo ya tarwatse a sararin samaniya. Wani ɓallin ƙarfe mai ci da wuta ya taso, ya nufo su gadan-gadan...

Ɗakin gaba ɗaya ya kauce!

"Yeee! Mo gbe o!" wata Bayarabiya ta kurma ihu ta kife kan mijinta.

"Innalillahi!" Fauziyya ta watsar da guggurunta a kan mutanen gaba. Wani ƙato ma ƙasan kujera ya shige, abokansa suna yi masa ihu.

Mardiya ta ɗago tana dariya har da hawaye, ta juyo don su yi dariyar tare.

Sharfuddeen yana zaune ƙyam. Ko gezau bai yi ba. Murmushi ne kawai a fuskarsa, irin na baƙon da ake hira da yaren da ba ya ji.

"Jarumina!" ta raɗa masa. "Kai ko tsoro ba ka ji ba?"

"Uhm... ai fim ne."

Sai ga wasu halittu kamar kifayen gilashi sun cika ɗakin, suna iyo a iska. Manya da yara kowa ya miƙa hannu yana son taɓawa, ana ta "Wayyo kyau!" Shi kuwa sai ya karkato ya ce a hankali, "Me suke kamawa ne?"

Ta juyo ta dube shi da kyau.

Ta miƙa masa gugguru ta gefen fuskarsa. Bai karɓa ba. Ta matsar da kwalin har ya kusa taɓa kuncinsa. Bai motsa ba. Ta ajiye, ta ɗaga tafin hannunta tana kaɗawa dab da idonsa na hagu, hasken allo yana haska yatsunta sarai.

Ko ƙiftawa bai yi ba.

Daga nan Mardiya ba ta san me aka yi a fim ɗin ba. Mutane suna tafi, suna ihu, wasu har da kuka da jarumar ta rabu da ɗanta. Ita ma kukan take yi a bayan tabarau, amma nata daban.

Da aka fito, rana ta yi sanyi. Jama'a sai surutu suke, kowa yana kwatanta yadda ya kauce. Fauziyya ta tafi tsaro musu Keke mai ƙafa uku tana cewa, "Ni dai sai na dawo da maigidana Abban Ikrima ya gani!"

"Yaya Sharfu."

"Na'am, zuciyata."

"Tun yaushe?"

"Tun yaushe me?"

"Kar ka yi min haka... don girman Allah kar ka yi min haka! Na kaɗa maka hannu a fuska ba ka gani ba!"

Ya sunkuyar da kai. Ya murza tafin hannunsa ya ce, "Tun damina. Hawan jinin ido ne. Na hagun ya riga ya tafi."

"Na daman fa?"

"Yana gani... amma kamar mai leƙe ta cikin bututu. Kullum bututun ƙara tsukewa yake."

"Me likita ya ce?"

Ya kawar da kai.

"Me likita ya ce, Sharfuddeen!"

"Ya ce in ajiye sitiyari."

Ta dafe bango. "Kuma jibi za ka ɗauki Babana..."

"Mardiya, hanyar nan ko a mafarki na san ta. Duk wani rami, duk wata kwana! A hankali nake tafiya, wallahi. Ki bari a ɗaura mana aure kawai, da bakina zan faɗa masa." "Innata da ƙannena da motar nan suke ci. In na sauka, ni wane ne? Wa zai ba makaho 'yarsa?"

"Ni zan aure ka ko babu ido ko ɗaya! Ni zan riƙe maka sanda! Amma ka faɗa masa kafin ku tafi. In ba ka faɗa ba..."

"Za ki faɗa?"

Hawayenta ne suka amsa.

Washegari bayan la'asar ya zo gaida Baba. Mardiya ta laɓe a bayan labulen zaure. Ta ji sun yi maganar taya, sun yi maganar birki, sun yi maganar tsadar dizal. Ta ji Baba yana dariya yana cewa, "Allah Ya yi maka albarka, ɗana." Ta ji takun Sharfuddeen yana fita.

Bai faɗa ba.

Da safe Baba ya fito da jakarsa, Mama tana biye da shi da kular abinci. Sharfuddeen yana ƙofar gida yana jira. Baba ya dafa kan Mardiya.

"Autata, me zan taho miki da shi? Kilishi ko..."

Ta zube ta riƙe ƙafarsa.

"Baba kar ka tafi! Don Allah kar ka shiga motar nan!"

"Ke lafiya? Mafarki kika yi?"

"Ba ya gani, Baba... Yaya Sharfu ba ya gani!"

Kular ta suɓuce daga hannun Mama.

Baba bai ɗaga murya ba, da ma ba halinsa ba ne. Ya leƙa ya kira Sharfuddeen zaure. Yana shigowa ya ji sheshsheƙar Mardiya, sai ya durƙusa, ya riga ya gane.

"Gaskiya ne?"

"Gaskiya ne, Baba."

"Likita ya hana ka tuƙi?"

"Ya hana."

"Tun yaushe?"

"Tun damina."

Baba ya zauna a kan benci. "Tun damina nake kwantar da kujera ina barci a gefenka. Tun damina! Ga yaran mota a baya, ga bayin Allah a kan titi da ba su san hawa ba balle sauka." Ya share ido da hannun riga. "Sharfuddeen, da ka zo ka ce Baba idona ya tafi, wallahi tallahi da na zaunar da kai a rumfa, na ba ka ita, na kai ka asibiti da kaina. Lalura ba abin kunya ba ce. Amma mutumin da zai iya yi min wannan shirun... ban san wane shiru zai yi wa 'yata ba. Ba ni makullin motar."

"Baba!" Mardiya ta ƙwalla ƙara. "Don in cece ku na faɗa! Ku biyun! Ba don ka raba mu ba! Mama ki sa baki... Mama!"

Mama ta juya musu baya tana kuka.

Sharfuddeen ya ajiye makullin a gaban Baba da hannu biyu. Ya miƙe, ya juya wajen da yake jin kukanta.

"Kin yi daidai, Mardiya," ya ce. "Shi ne abin da ya fi yi min ciwo."

Ya lalubi ƙofa ya fita.

An mayar da kayan sa rana cikin mutunci, ba tare da hayaniya ba. Baba ya aika a ce masa zai ɗauki nauyin asibiti, Sharfuddeen ya aiko da godiya amma bai karɓa ba. Mardiya ta daina ci, ta daina fita. In ta kira wayarsa sai ta yi ta ringi har ta katse. Ta taga take jiyo yaran layi suna wasan fim ɗin, wani ya jefo murfin tukunya sauran su zube ƙasa suna ihu, sai ta cusa kai cikin filo.

Wata safiya Fauziyya ta shigo a gaggauce. "Yau zai tafi. Shi da Innarsa, Zariya za su koma. In za ki gan shi tashi yanzu, zan tare miki Mama."

Ta zari hijabi ta fita ko takalmin kirki babu.

A bakin titin Mokola ta hango shi. Ya rame, rigar ta yi masa yawa. Jaka a kafaɗa, Innarsa tana gaba, yana takawa a hankali yana bin sawunta. Mardiya ta tsaya a kan hanyarsa, ta buɗe baki, amma ta kasa kiran sunansa.

Innarsa ta wuce ba ta lura da ita ba. Ya matso. Ya iso. Ya wuce ta dab da ita, har hannun rigarsa ya gogi hijabinta, har ta shaƙi turarensa.

Bai juyo ba.

Sai da motar da suka shiga ta tashi ta lura ashe ta hagunsa ta tsaya. Ta durƙushe a gefen titi, masu baburan Okada suna zagaye ta suna danna oda, tana kuka tana tambayar kanta: bai gan ta ba ne, ko kuwa ya ji ta sarai ya wuce?

Wanda zai ba ta amsa ya riga ya ɓace a cikin cunkoson motoci.