Kada Su Ɓoye Min Shi

"Ba tagwaye ba ne?"

Shafa'atu ta sake tambaya, idonta a kan baƙin hoton da likita ya ɗaga wajen taga. Wata takwas matan Gaya na tsokanarta da Uwar Biyu saboda girman cikin, har ita ma ta yarda. Sai da numfashi ya fara gagararta mijinta Garzali ya sako ta a motar Kano.

"Ɗaya ne, sauran duk ruwa ne," in ji malamar asibitin da ke fassara. "Ƙoƙon kansa bai haɗe ba, ƙashin bayansa a buɗe yake, hannu ɗaya bai cika ba. Ko ya zo da rai... ba zai wuni ba."

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un!"

Garzali ne ya faɗa. Ita kuwa kuka ma ya ƙi zuwa.

Da aka kai ta gidansu a Ajingi goyon ciki, kakarta Hanne ta yanke hukunci: ana haihuwa za a naɗe jaririn a fitar.

"Ɗan fari ne fa! Ko lafiyayye ne, ina kunyarki da za ki tsaya kallonsa? Balle wannan."

Ranar kasuwa Garzali ya zo gaisuwa, ta same shi a zaure.

"Malam, wata takwas yana motsi a cikina. Ni kaɗai ya sani a duniya. Kada ka bari su ɓoye min shi..."

"Haba Shafa tawa! Ɗakin haihuwa, a gidan surukai? Ina zan kai fuskata?"

Ta juya ta shige. Ranar ta yi kukan da ya ƙi zuwa a Kano.

Ashe bawan Allah bai koma Gaya ba, a gidan limamin unguwa ya tare yana jira.

Wata Laraba da hantsi ta haihu. Ɗan kukan da ya yi ko tsakar gida bai kai ba. Hanne ta naɗe shi maza ta nufi ƙofa, sai ga mutum tsaye, takalmi a hannu, yana haki.

"La'ilaha illallahu! Namiji a nan? Fita!"

"Iya, ku gafarce ni. Huɗuba zan yi masa."

Wa zai hana uba yi wa ɗansa huɗuba? Ta miƙa masa tana harararsa.

Ya kara bakinsa a kunnen jaririn, ya yi masa huɗuba. Da ya gama, maimakon ya mayar mata, sai ya ratsa tsakanin matan ya ɗora shi a ƙirjin Shafa'atu.

Ta buɗe zanen. Duk abin da aka faɗa gaskiya ne, har da ƙari. Ta daɗe tana kallo.

"Malam... bakinka ne da shi."

"Sunansa Usman," in ji shi, hawaye na sauka a gemunsa.

"Usman," ta ce, a gaban kakarta da kowa. "Usmanuna, ga ni nan."

Ana kiran azahar ya cika, yana kwance a ƙirjinta.