Filashin da ke Cikin Hular Ilu

Ku matso, ku rage murya.

A kasuwarmu ta masu gyaran waya da kwamfuta akwai Ilu Maikwamfuta. Kullum cika baki yake, wai shi ko kwamfuta ta mutu murus zai zuba mata sabuwar manhaja ta tashi, ba filashi, ba faifai. Da wannan ya yi suna, da shi yake ci. Ni kuwa na gano sirrin: wani ɗan filashi ne kamar farce, a cikin naɗin hularsa.

Wata Juma'a yana alwala na zare shi. Wasa ne kawai. Kowa ya tafi masallaci, shi ya tsaya lalube, ni na laɓe bayan kanta ina danne dariya.

Rana tsaka. Ko kuda babu.

Sai ga wata tsohuwa da kwamfuta a ƙarƙashin mayafi. Ban ji takunta ba. Na leƙa ƙasa, zanenta na jan ƙasa amma bai bar sawu ba. Muryarta kuma tana fitowa kafin leɓenta ya motsa.

Ta ce ta ji labarin gwanintarsa, ya zuba wa kwamfutarta manhaja. Ramukan kwamfutar da ake soka filashi duk cike suke da jar ƙasa. Ilu ya shafa hula, ya ce ta dawo gobe.

"Kai ka ce ka iya, ɗana."

Ta ce ai hanyar a sane take. Kwamfutar da ba komai a cikinta kira take yi ta igiyar waya, duk wanda ya fara amsawa shi ke shiga. Ta zaro wata igiyar waya daga cikin mayafi, ta jona wa kwamfutar. Ban ga inda ɗaya bakin ya ƙare ba. Ta ce ya riƙe.

Allon ya kawo haske. Ya rubuto cewa duk abin da ke ciki za a goge, an yarda?

Da ya ce bai iya ba, da ya tsira. Sai ya danna.

Wani layi ya fito a allon, ya fara cika a hankali. Ilu ya daina ƙifta ido. Na ji yana kiran sunayen 'ya'yansa, suna raguwa a bakinsa. Uku. Biyu. Ɗaya. Shiru.

Da aka sauko daga masallaci, ba tsohuwa, ba kwamfuta. Aka taru a kan Ilu. Ƙaninsa Barau ya girgiza shi yana kiran Yaya, Yaya. Ilu ya dube shi kamar baƙo, ya buɗe baki, muryar tsohuwar ta fito.

"Ban samu komai a ciki ba. Duk iyawarsa a hula take."

Wasu har da dariya. Sai kansa ya juyo a hankali, ya tsaya a kaina.

"Sallau, fito da shi. Yana aljihunka na hagu."

Barau ne ya sa hannu ya zaro, kowa na kallo.

Har yau Ilu na zaune a ƙofar gidansu, bai san kowa ba. Ni kaɗai yake wa murmushi.

Kada Juma'a ta riske ku a layin masu gyaran nan ku kaɗai.