Furen Malam Abdulmutalib

Babu wani tsiro a bayan ƙasa da zai ƙi ƙasar Ƙaraye, matuƙar mai ilimi ne ya shuka shi. Malam Abdulmutalib ne ya gano haka bayan shekara talatin da biyar yana aikin malamin gona, kuma tun da ya yi ritaya bai bar wata majalisa cikin jahilcin wannan batu ba.

Hujjarsa tana zaune a tsakar gida cikin wata 'yar roba. Tsohon ɗalibinsa da ya je karatu ƙasar Sin ne ya kawo masa saiwar wani fure mai suna fiyoni, haɗin iri biyu, wanda a hoto ya kai girman kwanon sha. A gidan Malam dai ganye tara ne, huɗu sun fara rawaya.

A kan wannan furen Sabi'u ya fara ganin Sadiƙa. Daga Rogo ya zo, inda yake da lambun renon dashe, ya kawo wa Malam dashen lemo. Malam yana soro da abokansa, sai ya sa a fito da furen don baƙo ya ƙaru. Sadiƙa ce ta ɗauko shi, autar gidan, malamar firamare, wadda ita ke ba shi ruwa safe da yamma yayin da mahaifinta ke ba shi jawabi.

Sabi'u ya kalle ta sau ɗaya, ya rasa inda zai sa idonsa, sai ya sa shi a gindin robar. Saiwoyi sun leƙo ta ƙasa. Ya ce furen yana son a sauya masa mazubi. Da ya tsaya nan da an rabu lafiya.

"Amma Baba, wannan ɗan ƙasar sanyi ne. In bai sha sanyi sosai ba ba zai yi toho ba, balle fure. Ƙaraye ta yi masa zafi."

Dattijai huɗu suka ji wannan magana. Malam ya tambaye shi jami'ar da ya yi. Sabi'u ya ce sakandare ya gama, sai lambun mahaifinsa. Malam ya gyaɗa kai irin na likitan da ya gano cuta.

Da zai hau babur, Sadiƙa ta fito da buhunan da ya kawo dashen a ciki. Ta ce masa shi ne mutum na farko da ya taɓa faɗa wa Abbanta haka, kuma ba ta san ko jarumta ce ko rashin wayo ba. Sannan ta karɓi lambarsa, saboda furen.

Sati na farko saƙonninsu na furen ne. A na biyu furen ya fara zuwa a ƙarshe, kamar gaisuwar maƙwabta.

"Malama, na dasa gwaiba ɗari biyu yau, duk wadda na ɗauka sai in tuna yadda kika riƙo robar nan. Na lalata guda uku. Ya mara lafiyarmu?"

"Mai Dashe, kar ka ɗora mini asarar gwaibarka. Mara lafiya ya zubar da ganye ɗaya. Ka ci abinci kuwa?"

Bayan wata biyu Sabi'u ya aiko kawunsa neman izinin zance. Malam ya karɓe shi da mutunci, ya ba shi ruwa, ya ce yaron ba shi da aibu a addini ko asali, sai dai ba zai haɗa zuri'a da wanda ya raina ƙasar da yarinyar da yake nema ta tashi a kai ba. Inna Barira, mahaifiyar Sadiƙa, ta ce masa a ɗaki ba ta taɓa jin an hana aure saboda ganye ba. Ya ce ba ganye ba ne, aƙida ce.

A nan Abdulhadi ya shigo. Ɗan abokin Malam ne, yana da digiri a fannin noma da mota mai sanyi, kuma yana da baiwar yarda da duk abin da babba ya faɗa tun kafin ya gama faɗa. Ya zo gaida Sadiƙa sau biyu, ta ba shi tabarma da amsoshi gajeru. A zuwa na uku ya ce shi zai sauya wa furen mazubi.

Aka yi aikin a gaban majalisa. Aka yanka duron roba biyu, aka cika rabi da laka daga fadama. Abu mai daraja ba a yi masa rowa, don haka Abdulhadi ya juye ɗanyen kashin kaji kwano uku. Ya binne saiwar can ƙasa kamar doya, ya ajiye duron a inda rana ta fi faɗa. Malam ya ce yanzu ilimi ya gamu da ƙasa.

Kwana goma sai ga wari. Ganyen da suka rage suka sunkuya.

Sadiƙa ta rubuta: "Nawa, furen zai mutu. In ya mutu Abba zai ce bakinka ne ya kama shi, kuma ka san shi ke nan maganarmu."

Amsa ba ta zo ba sai bayan kwana biyu, kwana biyun da ta yi tana shirya kalaman rabuwa masu kyau. Ashe Jos ya tafi wajen masu lambun fure, ya yi ta tambaya har ya sami wani tsoho da ya taɓa riƙe irinsa.

"Sadiƙata, yi haƙuri, wayata ce ta mutu a hanya. Ki tono shi a hankali da hannu. Ki wanke saiwar, duk inda ya yi laushi ya yi baƙi ki yanke da wuƙa mai tsabta. Ki sami tukunyar ƙasa ki huda gindinta. Rairayi kashi biyu, tsohon taki wanda ya zama gari kashi ɗaya. Za ki ga wasu 'yan jajayen idanu a saman saiwar, kar ƙasa ta rufe su fiye da yatsa biyu. Ki zura tukunyar cikin wata babba, ki cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen yashi, ki kai inuwar bayan ɗakin Inna. Ni kuma ki bar ni a inda kika ajiye ni, ban gaji ba."

Ta yi aikin ita da Inna ranar Juma'a, maza suna masallaci. Da Malam ya dawo ya ga tukunya, Inna ta ce warin ne ya hana ta cin abinci. Malam bai yi musu ba. Shi ma yana da hanci.

Sati uku bayan haka ganyen suka bushe gaba ɗaya. Tukunya ce kawai da ƙasa. Sadiƙa ta kira shi tana kuka, ta ce ta bi maganarsa ta kashe wa mahaifinta abin da ya fi so bayan 'ya'yansa, wataƙila ma kafin wasu daga ciki.

"Bai mutu ba, Sadiƙata. Barci yake. A ƙasarsu haka yake yi duk shekara, sai sanyi ya ratsa shi sannan ya tashi."

"To ina za mu samo masa sanyin ƙasarsu?"

"Ki ce wa Inna ta buɗe ƙofar baya bayan Asuba."

Malam yana da al'adar zama a masallaci har rana ta fito. A wannan tsakanin, kullum, babur yakan tsaya a bayan gida, Inna ta karɓi ƙullin buhu da ƙanƙara a ciki, a farfasa a jera a bakin tukunya. Wata biyu cur, a lokacin da mutanen kirki ke jin ɗumin wuta, Sabi'u yana tahowa daga Rogo da ƙanƙara a bayansa. Abdulhadi kuwa ya daina zuwa. Tukunyar da babu komai a cikinta ba wurin tsayawar mai digiri ba ce.

Wata safiya Malam ya dawo da wuri don ya manta tabarau. Ya tsaya a kan tukunyar, ya ga ƙanƙara tana narkewa, ya ji ƙarar babur tana nisa. Ya ɗauki tabaransa ya koma masallaci. Bai ce komai ba, abin da iyalinsa ba su taɓa gani ba.

A farkon Fabrairu jajayen toho uku suka huda ƙasa.

Aka fito da tukunya soro, aka tara dattijan nan huɗu, aka aika Rogo a kira yaron. Sadiƙa tana bayan ƙofa. Ta riga ta rubuta masa cewa ya faɗi gaskiya, kowa ya san wanda ya yi aikin. Sabi'u ya durƙusa ya gaida kowa, ya daɗe yana duban tohon.

"Baba, na yi kuskure. Ƙasar Ƙaraye ta karɓe shi."

Malam ya dube shi, shi ma ya ɗago, kowannensu ya san abin da ɗayan ya sani. Sannan Malam ya juya ga majalisa ya ce alamar ilimi ita ce karɓar gyara, kuma akwai masu digiri da ba su da ita. Ya ce a gaya wa kawun yaron ya dawo.

Da yamma saƙonta ya shigo: "Maƙaryacina. Allah ya bar mini kai."

Aka ɗaura aure bayan ƙaramar Sallah. Malam ya sa musu albarka, ya roƙi Allah ya ba su zuri'a mai jin magana, Inna ta ce amin da ƙarfi fiye da kowa. Aka kai amarya Rogo, gidan da ke bakin lambu. Furen dai ya zauna a Ƙaraye, domin Malam ya ce ba a raba hujja da mazauninta. Bai yi fure ba tukuna. Malam ya sanar cewa sai baɗi.

Da sanyi ya sake zagayowa, mutanen unguwa suka fara yabon Sabi'u. Sun ce ba su taɓa ganin surukin da ke tahowa daga wani gari kullum da sassafe don gaida iyayen matarsa ba, kuma don tsabar kunya ta ƙofar baya yake bi.

Yakan koma gida yatsunsa sun sandare. Sadiƙa takan ajiye masa kunu, ta riƙe hannayensa cikin nata har su dawo daidai, ta tambaye shi ko furen nan zai taɓa buɗewa kuwa.

Yakan ce bai sani ba. Sannan ya tashi ya cika robobi da ruwa, ya kai wa mai firiza saboda gobe.