Shayin da Keziah Ta Dafa

"Ƙamshin me nake ji a gidan nan, Keziah?"

Keziah ta ja gefen rigarta ta rufe butar, amma ina, Jerusha maƙwabciyarsu ta riga ta shigo madafa, hanci a sama.

"Ganyen daji ne... irin wanda kowa ke sha."

"Ni za ki raina wa hankali? Na daɗe rabona da shi, amma hancina bai mutu ba. Shayin Ingila ne!"

Tun da Sarkin Ingila ya ɗora wa shayi haraji, bayan dokokin da suka tilasta kayan wannan ƙasa da yake mulka a ƙetaren teku su bi ta hannun 'yan kasuwarsa, matan wannan gari na kusa da Boston suka ɗaga hannu a coci suka rantse sun bar shansa. Samarin Boston suka zubar da na cikin jirage a teku, sarki ya rufe tashar, ya cika birnin da soja. Keziah ma ta rantse, da zuciya ɗaya kuwa. Sai dai Mama ta kwanta rashin lafiya, ko ruwa ba ya zama a cikinta, kullum shayi take ambata. Shi ne Keziah ta tono ragowar da ke ƙasan shagon Baba, ba da saninsa ba.

"Don Allah, Jerusha... Mama ce. Ki rufa min asiri."

"Haba 'yar uwa, ni da ke? Allah ya ba Mama lafiya."

Ta fita da murmushi, irin na wadda ta yi tsintuwa. Kowa ya san Jerusha ta so Reuben kamar ta mutu, shi kuwa Keziah ya zaɓa. An sanar da aurensu a coci sau biyu, saura na uku a ɗaura.

Kafin rana ta take, dattawan kwamitin gari sun cika ƙofar shago. Shugabansu Kyaftin Thaxter ne, mahaifin Reuben. Ya dubi Baba.

"Gideon, wa ya fito da shayin sarki a gidanka?"

Keziah ta buɗe baki, Baba ya riga ta.

"Ni ne."

"To za ka tsaya ƙarƙashin bishiyar kasuwa, kai ba hula, ka roƙi gafarar gari, ka ƙona shi da hannunka."

"In roƙi gafara don na ba matata abin da zai zauna mata a ciki? Ni ma harajin nan ya karya ni, Thaxter, ka fi kowa sani. Amma hulata tana nan a kaina."

Baba ke nan, taurin kai kamar kututture. A ranar aka yanke musu hukuncin da ake yanke wa abokan sarki: ba mai saye a wurinsu, ba mai sayar musu, ba mai gaishe su. Mai niƙa ya dawo musu da masararsu yadda aka kai ta. Ƙawayen da suke kaɗin zare tare da Keziah, in sun hango ta sai su sauya hanya. Abin ya ci mata rai ƙwarai, amma ba kamar shirun Reuben ba.

Da hantsi wata rana ya tare ta a bayan rumbu, yana waige-waige kamar ɓarawo.

"Keziah tawa..."

"Sai yau ka tuna da ni?"

"Ko barci ba na yi. Saurara, Babana ya ce in kika tsaya gaban jama'a kika ce tilasta miki aka yi, kika ce ba ke ba mahaifinki, ranar Lahadi za a yi sanarwar ta uku."

"Ni na dafa, Reuben! Baba bai ma san na taɓa shi ba!"

"Na sani..."

"To bari in je in faɗa musu gaskiya."

"Kika faɗa, kin zama wadda ta karya rantsuwa a coci. Babana ba zai taɓa karɓarki ba. Ƙarya ɗaya ce, rabin raina. Saboda ni."

"In na juya wa Baba baya, me ya rage? Su shafe shi da kwalta, su yayyafa masa gashin kaza, su zaga gari da shi, ni kuma ina ɗakinka ina amarci?"

Ya kawar da kai.

"Ka zo mu tafi Boston tare," ta ce, hawaye na zuba.

"In je in fake a bayan sojan da suka ɗaure jirginmu har ya ruɓe a tasha? Da wace fuska, Keziah?"

Ta dube shi, ya dube ta. Duk cikinsu ba mai laifi, kuma ba mai dabara. Ta so ta tsane shi ko za ta ji sauƙi, ta kasa.

Lahadi ba ta zo ba ƙararrawar coci ta ɓarke da safe. Wani mahayi ya shigo a guje yana ihu: soja da manoma sun buɗe wa juna wuta a garin Lexington, an zubar da jini! Gari ya kaɗe. Maza suka yi ta fitowa da bindigoginsu na farauta. Kwamiti ya ce abokan sarki su bar gari kafin la'asar.

Suka shimfiɗa Mama a bayan amalanke, Baba ya ja linzamin doki. Jerusha tana tagarsu tana kallo.

Mutum uku aka ba aikin raka su iyakar gari. Kyaftin Thaxter da kansa ya sa ɗansa a ciki, don kowa ya shaida inda yaron ya tsaya.

Reuben yana tafe a gefen amalanken, bindiga a kafaɗa, kusa da ita har tana jin numfashinsa. Bai ɗaga kai ba. Sauran biyun suna biye, idonsu a kansa.

"Reuben..." ta ce a hankali.

Ya ci gaba da tafiya.

"Ko sunana ka kira. Sau ɗaya."

Bai kira ba. Haka suka yi ta tafiya har gada.

Nan ya tsaya. Ɗaya daga cikin mutanen ya zungure shi.

"Faɗa musu mana, ɗan Kyaftin. Kai aka ba saƙon."

Sai a lokacin ya dube ta, idanunsa jajawur. Keziah ta miƙe a kan amalanken, tana jira.

"Iyakar garinmu ke nan," ya ce, muryarsa na karyewa. "Duk wanda ya dawo a cikinku... an umarce ni in harbe shi."

Baba ya kaɗa doki.

Ita ce magana ta ƙarshe da Keziah ta ji daga bakinsa.