Ƙirgen Goma

"Yau ne zuwanmu na ƙarshe, Malama."

Hannunta na cikin farantin yashi lokacin da ya faɗi haka, kuma ko kallonta bai iya yi ba. Wata takwas Baban Kurciya yana kawo 'yarsa wannan ɗakin na koyar da yara magana, wata takwas yana zama kan 'yar kujerar yara, gwiwoyinsa har ƙirji, yana satar kallonta. Tana son shi, ta daɗe da daina yi wa kanta ƙarya. Shi kuwa bawan Allah, abin da ke ransa ya ƙi fitowa.

Yarinyar shekararta huɗu. Tun rasuwar uwarta ba ta furta kalma ba, sai wani guɗa-guɗa a maƙogwaro, shi ya sa ake ce mata Kurciya.

A bakin ƙofa Yayarsa ce tsaye, da ƙawarta mai baƙin gilashi, wadda kowa ya san ita ake so ya aura. Yaya ba ta ɓoye komai ba. Ta ce ƙawarta ta samo wata makaranta a wani gari, da an yi hutu za a kai yarinyar. Ta ce wasa da yashi ba magani ba ne. Sannan ta ƙara da abin da aka hura mata a kunne, wai da gangan Malama ke jan aikin don uban ya riƙa zuwa.

Wannan ya yi wa Malama ciwo har idonta ya kawo ruwa. Ta haɗiye, ta roƙi a bar mata rabin awarta.

Saboda hutun da ke tafe, kwana uku ta yi tana haɗa wa Kurciya wasan tafiyar hutu a kan tebur: yashi mai laushi, ƙananan kwale-kwale na takarda, ƙullu mai ƙamshin lemo, da ɗan akwatin tafiya cike da ƙararrawa da zare mai ƙyalli. Kalma biyu kacal take nema, "buɗe" da "ƙara". Dabararta ba ta sauyawa. Ta bari yarinya ta ɗanɗana daɗin wasan, sai ta rufe akwatin, ta ɗaga gira, ta yi shiru tana ƙirga goma a zuci. Kullum uban ne ke ɓata abin. Ƙirgen ba ya wuce huɗu sai tausayi ya ci shi, ya ce ai so take a buɗe.

"Idan ka ari bakinta yau, waje za ka koma," in ji Malama.

Kurciya ta cusa yatsu cikin yashi, ta shinshina ƙullun, ta kaɗa ƙararrawa tana dariya. Malama ta karɓe a hankali, ta mayar, ta rufe akwatin.

Ɗaya... biyu...

Yarinyar ta bubbuga murfin. Uban ya motsa, ya danne bakinsa da hannu.

Biyar... shida...

Mai gilashi ta yi tsaki, ta ce wannan ai mugunta ce. Malama ba ta waiwaya ba.

Takwas... tara...

"Bu... buɗe."

Ƙaramar murya ce, a dishe, kamar ƙofar da ta daɗe a rufe. Jakar Yaya ta suɓuce ƙasa. Yaya ta durƙusa ta rungume yarinyar tana kuka, tana cewa a yafe mata, ita ma zuga ta aka yi. Kafin a ankara, mai gilashi ta tuna wai ta bar mota a rana.

Da lokaci ya cika, Baban Kurciya ya tsaya a ƙofa yana juya makulli a hannu. Ya yi godiya. Ya sake godiya. Ya yaba fentin ɗakin, fentin da ya yi wata takwas yana gani. Haushi ya kama Malama, ga tsoro, don ta san in ya fita haka, ya fita ke nan. Sai ta rufe akwatin, ta dube shi, ta ɗaga gira, ta yi shiru.

Ta kai goma, bai ce komai ba. Ba ta taɓa wuce goma ga kowa ba, amma ta ci gaba.

Kurciya ta dubi fuskar Malama, ta gane ta sarai. Ta ja wandon ubanta.

"Baba... buɗe."

Yaya ta fashe da dariya cikin hawaye. "Ka ji kunya dai. 'Yar cikinka ta riga ka."

Sai da ƙirgen Malama ya kai sha bakwai ya buɗe baki.

"Ina son ki, Malama... tun ranar farko. Ki aure ni, don Allah."

Ta gaya masa sai dai a mayar da Kurciya ɗakin wata abokiyar aikinta, don ba za ta zama uwa da malama lokaci guda ba. Ya amince tun ba ta rufe baki ba. A cikin hutun nan aka ɗaura auren, Yaya ce ma kan gaba.

Amma a ranar da ya furta ɗin, kafin ya fita, Malama ta tare ƙofa. Wata takwas ta yi tana jiran maganar nan, sau ɗaya bai ishe ta ba. Ta share idonta, ta ɗaga gira.

"Ƙara."