Bangon Tsakiya

Bayan rikicin shekarar dubu biyu, aka kira Dogara magini gyaran wani gida da ya ƙone a Nasarawa. Da magariba yana bin bango yana ƙwanƙwasawa, don ya gane wanda ke ɗauke da rufi. Na tsakiya ya amsa kamar fanko, sai ya ɗaga alli zai sa masa alamar rushewa.

"Ɗana, bar wannan," in ji wata tsohuwa a bayansa. Mayafinta sai ƙaurin hayaƙi.

"Mama, ai ba ya ɗauke da komai."

"Yana ɗauke da mu. Nan muka jingina ranar, ni da jikokina."

Dogara ya sunkuyar da kai. Ƙurar siminti ta rufe daɓen ɗakin, kuma sawunsa ne kaɗai a kai.