Faranti Huɗu a Bakin Dapaong

"Ka kawo ni, sai ka juya. Me ya rage?" Zuwaira ta ce da mijinta, ba ta dube shi ba.

Aƙilu direba ne. Ya kawo ta Dapaong jinyar mahaifiyarta, kuma dole ya koma Sokodé ranar, don tasa tsohuwar ce ke riƙe musu yara. Shekarar yajin aiki ce, hanya duk shinge, ba ka sanin na soja ne ko na samari. Direbobi sai a ayari suke tafiya, kuma ayarin ƙarfe biyu zai tashi.

"Haba Zuwairata, kar mu rabu kina fushi. Zo ki ga."

Ya kai ta wani gidan abinci a bayan gari, mai farin ƙyalle a kan tebur, cokula reras. Ba su taɓa shiga irinsa ba.

"Loma biyu mu tashi," ya ce.

Aka kawo romo ɗan mitsitsi.

"Wannan na jinjiri ne?" ta raɗa masa. Dariya ta ƙwace mata, ta farko cikin wata guda.

Suka miƙe za su tafi, sai sabis ɗin ya tare su. "A'a, Madam, somin-taɓi ne. Saura uku."

Ashe a nan ɗaya bayan ɗaya ake kawowa, da dogon jira a tsakani. Aƙilu ya saci kallon agogo.

"An riga an dafa da sunanmu," ta ce. "Ya za mu tashi mu bar abincin mutane?"

"Ayari fa..."

"Kullum ayari! Ni fa?"

Ya koma ya zauna. Kifi ya zo, ya cire mata ƙaya da hannunsa. Sai zabuwa, sai wani abu mai sanyi da zaƙi. Uku da rabi ya sauke ta ƙofar gida, ya kama hanya shi kaɗai.

Kwana uku bayan nan Alasani, abokin aikinsa, ya yi sallama. Ya durƙusa nesa da ita.

"Zuwaira, sai haƙuri. An ga motar Aƙilu gaba da garin Mango, a ƙone. Jiya muka yi masa sutura."

Ta dafa bango.

"Mun jira shi har rabin awa a tasha," ya ce cikin kuka. "Bai taɓa makara ba. Don Allah ina ya tsaya?"

Ta ɗago ta dube shi.

"Abinci muke ci."